Abin da za ka yi idan aka haɗa ka cikin ƙarar satar fim a Amurka

Mazaunin Amurka yana iya buɗe akwatin wasiƙunsa ya tarar da takarda daga kamfanin da ke ba shi intanet, tana sanar da shi cewa an kawo sammaci daga kotun tarayya, ana neman a miƙa sunansa da adireshinsa ga wani kamfanin fina-finai. Zargin shi ne an yi amfani da layin gidansa wajen sauke fim da rarraba shi ta BitTorrent, wata hanyar musayar fayiloli tsakanin kwamfutoci a intanet. Idan ka duba takardar ƙarar ba za ka ga sunanka ba, sai "John Doe", sunan da ake sa wa wanda ba a san sunansa ba, da lambar IP, wato lambar da ke nuna layin intanet ɗinka, domin har zuwa lokacin mai ƙara bai san ko kai wane ne ba.

Ƙungiyar kamfanonin waƙa ta RIAA ce ta fara maka ɗaiɗaikun mutane a kotu haka, inda ta kai mutum 261 ƙara a watan Satumba na 2003, ba ta kuma janye ba sai ƙarshen 2008. Daga 2010 wasu lauyoyi suka mayar da abin sana'a, suna cusa dubban mutane cikin ƙara guda. Jarinsu tsoro ne, saboda dokar haƙƙin mallaka ta yarda a ci mutum diyya daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane fim, har zuwa 150,000 idan an tabbatar da ganganci. Wanda ya ji wannan adadi, sannan aka ce ya biya dala dubu kaɗan a rufe maganar, sai ya ga kamar an yi masa rangwame, balle idan fim ɗin na batsa ne yana gudun tonon asiri.

Ka fara da duba ranar da kamfanin intanet ya ce zai miƙa sunanka, domin kafin ranar ce kake da damar kai ƙorafi kotu. Kada ka kira lauyan mai ƙara don ka wanke kanka, domin da ka yi magana ka ba shi sunan da yake nema, kuma duk abin da ka faɗa zai iya zama hujja a kanka. Kada kuma ka goge komai daga kwamfutarka, ko ka jefar da ita. Alƙalai suna ɗaukar hakan a matsayin lalata shaida, wanda sau da yawa ya fi zargin asali illa.

Daga nan ka nemi lauyan da ya saba da irin wannan shari'a. Ka rubuta masa duk wanda ya san kalmar sirrin intanet ɗin gidan, da baƙi da 'yan haya da maƙwabcin da ka taɓa ba shi don zumunci. Wannan lissafi yana da nauyi, domin a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta shiyya ta tara ta yanke cewa kasancewar sunan mutum a kan layin intanet kawai bai isa ya nuna shi ne ya yi satar ba. Lauyan zai iya roƙon a soke sammacin, ko da yake ba kasafai ake dacewa ba, ko a bar ka ka kare kanka ba tare da bayyana sunanka ba, ko a ware ka daga taron waɗanda ake ƙara.

Sasantawa ba laifi ba ce, amma ta bi ta hannun lauya, a rubuce, bayan an binciki mai ƙarar. Lauyoyin wani kamfanin lauyoyi mai suna Prenda Law sun tatsi miliyoyin daloli ta wannan hanya kafin a gano su da kansu suke ɗora fina-finan a intanet don kafa tarko. A 2019 aka yanke wa biyu daga cikinsu hukunci: Paul Hansmeier ɗaurin shekara 14, John Steele kuma shekara 5.

Idan har an sa sunanka a ƙarar, aka kuma miƙa maka sammaci, kwana 21 kake da su ka mayar da amsa. Wanda ya yi shiru, kotu tana iya yanke masa hukunci a bayan idonsa, a bi albashinsa ko asusunsa na banki a karɓi kuɗin.