Babi na Shida: Jinyar Yaro Mai Ciwon Daji

Ciwon daji, wanda ake kira kansa ko sankara, ba na manya kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin 400,000 ne ke kamuwa da shi a kowace shekara. A ƙasashe masu arziki fiye da 80 cikin 100 na waɗannan yara suna warkewa, amma a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa waɗanda ke tsira ba su kai 30 cikin 100 ba. Daga cikin manyan dalilan wannan bambanci akwai jinkirin kai yaro asibiti, da tsadar magani, da katse jinya kafin a kammala ta. Tun a shekarar 2018 hukumar ta ƙaddamar da shirin ganin aƙalla yara 60 cikin 100 suna tsira nan da 2030, kuma wannan buri ba zai cika ba sai da hannun iyaye.

Dajin yara yana da iri-iri. Akwai na jini, wanda ke sa yaro ya ɗashe, ya riƙa zazzaɓin da ba ya jin magani, da ciwon ƙashi, da zubar jini daga dasashi ko hanci. Akwai na ƙoda, mai kumbura ciki. Akwai na ido, wanda ke fara bayyana da wani farin ƙyalli a tsakiyar ƙwayar idon ƙaramin yaro. Akwai kuma wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin sauri, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yana da yawa a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kuma yana cikin waɗanda suka fi jin magani idan an fara da wuri.

Ranar da likita ya faɗi sakamakon gwaji, da wuya uba ko uwa su riƙe rabin abin da aka gaya musu, domin zuciya ta riga ta tsinke. Saboda haka yana da kyau a je da mutum na biyu, kamar kawun yaron ko gwaggonsa, kuma a riƙe ƙaramin littafi. A ciki za a rubuta sunan cutar yadda likita ya rubuta shi, da sunayen magunguna, da ranar komawa asibiti, da duk tambayar da ta zo a rai cikin dare. Babu kunya a ce wa likita, “Ranka ya daɗe, ban gane ba, a sake yi mini bayani da Hausa.” Wannan haƙƙin iyaye ne.

Wani nauyi da ke biyo baya shi ne zargi. Uwa takan tuhumi kanta, dangin miji su tuhumi nononta, wasu kuma su ɗora wa kishiya ko maƙwabciya sammu. Ya kamata a sani cewa yawancin dajin yara ba ya zuwa ta sakacin iyaye ko ta abincin da aka ba yaro, kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya. Gidan da ya shagala da neman mai laifi yana ɓata lokacin da yaro ba shi da shi.

A nan ya zama dole a tsaya a kan maganar da ta yaɗu a cikinmu, cewa daji ba ya son allura ko ƙarfe. Wannan magana ta jawo asarar rayukan yara da za a iya ceta. Ana ɓata watanni ana shafe-shafe da tsaga da sakiya, sai kumburi ya fashe sannan a nufi asibiti, kuma idan yaron ya rasu sai a ce allura ce ta kashe shi, alhali jinkiri ne. Addu'a da sadaka suna ƙarfafa zuciya, babu mai hana su, amma a haɗa su da zuwa wurin likitocin yara a manyan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa da ke Yamai. Duk wani jiƙo ko sassaƙe da ake son ba yaro, a fara gaya wa likita, domin wasu suna wahalar da hanta da ƙoda.

Maganin daji, wanda ake kira kemo, ana ba da shi ne zango-zango, na tsawon watanni, wani lokaci har fiye da shekara biyu a dajin jini. Yakan jawo amai, da gyambon baki, da zubewar gashi, amma gashin yana sake tsirowa bayan an gama. Babban haɗarin shi ne, bayan zango ɗaya ko biyu kumburi yakan sace, yaro ya tashi yana wasa, sai iyaye su ga ai ya warke, su daina zuwa. Cutar ba ta mutu ba a lokacin, kuma idan ta dawo takan fi wuyar magani. Likita ne kaɗai zai ce an kammala.

Kemo yana raunana garkuwar jiki. Idan zafin jikin yaro ya kai 38 a ma'auni, a kai shi asibiti nan take ko da tsakar dare ne, kada a tsaya sayen magani a kemis. A riƙa wanke hannu da sabulu, a tafasa ruwan sha, a dafa abinci ya nuna sosai, ya kwana cikin gidan sauro, a kuma nisanta shi da mai ƙyanda ko ƙarambau.

Batun kuɗi shi ne ke karya gidaje da yawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka tun farko a tara dangi a faɗa musu gaskiya, a raba nauyi: wani ya ɗauki kuɗin mota, wani abincin masu jinya, matasa masu lafiya su ba da jini. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti ko akwai tallafi, a sanar da limami ko fasto da ƙungiyar unguwa. Idan kuɗin zango na gaba ya gagara, a gaya wa likita kafin ranar, maimakon a ɓace shiru.

Uwar da ke kwana a gefen gado ita ma tana bukatar barci da abinci da wanda zai karɓe ta, kuma uba ya riƙa zama da ɗansa, kada aikinsa ya tsaya ga biyan kuɗi. Sauran 'ya'yan da aka bari a gida a yi musu bayani daidai hankalinsu. Shi kansa mara lafiyar kada a ruɗe shi da cewa allura ba zafi. A ce masa za ta yi zafi kaɗan, kuma Umma na riƙe da hannunsa. Idan likitoci suka ce cutar ta wuce warkewa, jinya ba ta ƙare ba, domin akwai magungunan rage raɗaɗi masu ƙarfi, kuma iyaye suna da damar neman su.