Yadda ake gina samfurin sauyin ra'ayi da sauyin abota a kwamfuta

Wani lokaci mutum yakan ɗauki ra'ayin abokansa, wani lokacin kuma yakan rabu da su ya koma wajen waɗanda bakinsu ya zo ɗaya. A 2006 masu bincike Petter Holme da Mark Newman suka haɗa halayen biyu cikin samfurin lissafi guda, wanda za ka iya ginawa da yaren shirya manhaja na Python da NetworkX (kayan aikinsa na tsara ɗigogi da layukan da ke haɗa su), ko da manhajar kwaikwayo ta NetLogo.

Fara da mutane 1,000, kowa ɗigo ɗaya. Ja layukan abota 2,000 tsakaninsu ta hanyar ƙuri'a, a matsakaici kowa ya samu abokai 4. Sannan ka raba musu ra'ayoyi 100, nan ma da ƙuri'a, kowane ra'ayi ya samu kimanin mutum 10.

Sai ka zaɓi lamba tsakanin 0 da 1, a kira ta φ. Ita ce jigon aikin. A kowane zagaye kwamfuta ta ɗauko mutum ɗaya, in ba shi da aboki ta wuce shi. In yana da shi, sai ta jefa ƙuri'a. Da yiwuwar φ (misali in φ ta zama 0.3, kimanin sau 3 cikin 10 ke nan), mutumin ya yanke hulɗa da ɗaya daga abokansa ya ƙulla sabuwa da mai ra'ayi irin nasa, kamar wanda musu ya ishe shi ya sauya majalisa. In ba haka ba, ya zaɓi aboki ɗaya ya karɓi ra'ayinsa. A kula, yawan layukan ba ya canzawa, wuri kawai suke sauyawa. In ka ga sun ragu, akwai kuskure a tsarinka.

Ci gaba da maimaitawa har ya zama babu layin da ya haɗa masu saɓanin ra'ayi, sannan ka ƙirga girman kowane rukuni na mutanen da layuka suka haɗa.

Idan φ sifili ce, ra'ayi ɗaya kan mamaye kusan kowa. Idan 1 ce, babu wanda ke sauya ra'ayi, jama'a sai su tarwatse zuwa ƙananan rukunoni. Abin sha'awar yana tsakiya: da wannan tsarin na abokai 4 da mutum 10 ga kowane ra'ayi, Holme da Newman sun ga babban rukunin yana wargajewa ne idan φ ta kai wajen 0.46. Don haka ka matsa gwaji kusa da nan, ka maimaita kowace φ sau da yawa ka ɗauki matsakaici, domin gwaji ɗaya yakan yaudari mutum.

In ya yi aiki, ƙara 'yan tsirarun masu taurin kai da ba sa sauya ra'ayi, ka ga inda lambar nan ta 0.46 za ta gusa.