Yadda Mai Koyo Zai Fara Zanen Katun da Anime

Mafi yawan masu koyon zane sukan fara ne da ido, domin manyan idanun nan na anime, salon katun na ƙasar Japan, su ne suka ja hankalinsu tun farko. Mutum sai ya shafe rabin sa'a yana ƙawata ido ɗaya, daga baya ya tarar babu inda na biyun zai zauna. Magini ba ya shafe kafin ya tayar da bango, haka ma mai zane.

Kayan aikin ba su da yawa: farar takarda, magogi, fensir mai lamba 2H ko HB don layukan farko marasa duhu, da mai lamba 2B don layin ƙarshe.

Ka fara da da'ira, kada ka danna fensir. Ka tsaga ta da layi daga sama zuwa ƙasa, wanda zai nuna inda fuskar ta dosa, sannan ka sauko da layukan muƙamuƙi daga gefe biyu su haɗu a haɓa. A fuskar mutum ta zahiri idanu suna zaune ne a rabin tsawon kai, amma a anime akan sauko da su kaɗan a kuma ƙara musu girma, saboda hakan ne yake ba fuska kamannin ƙuruciya. Tsakanin ido da ido ka bar faɗin ido ɗaya. Hanci ɗigo ne ko ɗan layi, baki ma gajere ne. A ganina gira ce ta fi cancantar a daɗe a kanta, domin idan ta sunkuyo wajen hanci fuskar ta yi fushi, idan kuwa bakinta na ciki ya ɗaga sama sai damuwa ta bayyana, alhali ba a taɓa komai ba. Gashi kuma ana zana shi curi-curi, ba sili-sili ba, a ɗaga shi kaɗan daga ƙoƙon kai don ya yi cika.

Jiki ana auna shi da tsawon kai. Baligi yakan kai kawuna 7 da rabi zuwa 8, matasan anime sukan tsaya a 6 ko 7, ƙananan nan masu ƙaton kai da ake kira cibi kuwa ba sa wuce 2 zuwa 3. Ka soma da layin gadon baya, ka ɗora ƙirji da ƙugu a siffar ƙwai, ka sa ƙananan da'irori a kafaɗa da gwiwa, tufafi su zo daga ƙarshe.

Kafin ka bi zanen da baƙin layi, ka kai shi gaban madubi, ko ka juya takardar ka ɗaga ta ga haske. Idon da ya saba da zane ba ya ganin karkatarsa, amma da zarar an juya shi za ka ga idon da ya fi ɗan'uwansa tudu da haɓar da ta goce. Mai aiki da manhaja irin su Krita, wadda kyauta ce, yana iya juya hoton a allo, ya gyara tun layukan ba su yi duhu ba.