Yadda ake sake ɗaura injin mota a gida

Ni ba bakanike ba ne na sana'a. Aikin ofis nake yi, Asabar da Lahadi ne nake sa kayan dauɗa in shiga ƙarƙashin mota, don ina son aikin har cikin raina. Injin da na fi sani shi ne 4A-FE na tsohuwar Toyota Corolla, mai silinda huɗu, lita 1.6, kuma da shi zan yi misali.

Kafin ka taɓa ko noti ɗaya, tabbatar cewa ciwon a cikin injin yake. Shuɗin hayaƙi da shan baƙin mai suna nuna segman, wato zobban da ke kewaye da fistan, sun gaji. Farin hayaƙi, ga ruwan radiyata yana raguwa, mai kuma ya koma kamar shayi da madara, wannan juwan kilas ne, wato faifan da ke toshe tsakanin gangar injin da kilas, murfinta na sama. Ƙwanƙwasa daga can ƙasa kuwa kusine ne, wato siraran ƙarafan shimfiɗa da sassan ƙasan injin ke juyawa a kansu. Cire buji (fulogi) huɗun, ka auna matsin kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa, zuba mata cokali ɗaya na baƙin mai ka sake aunawa: in matsin ya hau, segman ne, in bai motsa ba, duba supaf (bawul) ko juwan. Sau da yawa kilas kaɗai za ka sauke.

Sai wurin aiki, kuma a Maradi nan ne maganar take. Kada ka buɗe injin a gindin dogon yaro, balle da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ke shiga har cikin kwanon da aka rufe. Tazarar da mai ke bi tsakanin kusine da bilbirke, wato ƙarfen nan mai gwiwa-gwiwa da fistan ke juyawa, ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba. Silin gashi ya fi ta kauri. Ƙwayar yashi ɗaya in ta shiga, za ta yi ta zaga ƙarfen tana karce shi. Nemi ɗaki mai daɓen siminti da ƙofa, ka share, ka yayyafa ruwa, duk abin da ka wanke ka rufe shi da leda.

Cire batir, tsiyaye mai da ruwa, sannan ka ɗauki hoton kowace waya da kowane tiyo da wayarka kafin ka zare. Injin ya haura kilo 100, don haka ka aro sarƙar ɗagawa da ƙafafunta, kada ka rataya shi a azarar ɗaki. Tara gwangwanayen tumatir, kowane sashe da gwangwaninsa da rubutu a jiki. Notikan kilas ana sassauta su injin yana sanyi, daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan, don kada kilas ɗin ya karkace.

Kowane fistan da biyel ɗinsa, wato sandar da ke haɗa shi da bilbirke, da murfin biyel ɗin ka sa musu lamba, 1 zuwa 4. A karona na farko na musanya murfi biyu ban sani ba. Da na ɗaure, bilbirke ya ƙi juyawa da hannu, na kwana da abin a raina. Da safe na ɗauko wani dattijon bakanike na unguwarmu. Ya shafa bakin murfin da ɗan yatsa, ya ji tudun da ke wurin haɗin, ya ce, "Malam, hular wani ka sa wa wani." Na ce, "Baba, ai duk iri ɗaya ne." Ya nuna mini cewa kowane murfi tare da biyel ɗinsa aka huda shi tun a masana'anta, ba ya zama daidai a kan wani. Da na tada injin a haka, da bilbirken ya tafi.

Kada ka sayi kaya kafin a auna. Kai gangar injin, kilas da bilbirke wurin masu injin sassaƙar ƙarfe. Faɗin silindar 4A-FE milimita 81 ne. In ta cinye, za a faɗaɗa ta, ka sayi fistan da segman masu ƙarin girma, galibi milimita 0.50. In aka rage bilbirke da 0.25, kusine ma na 0.25 za ka nema. A duba fuskar kilas, in ta karkace a goge ta. Da takardar awon a hannu za ka shiga kasuwa. Kaya na zuwa mana ta Ɗan Isa daga Katsina da Kano, akwai masu kyau, akwai jabu, sai ka tafi da wanda ya san su. Segman, kusine, juwan, bel mai daidaita lokacin buɗewar supaf, robobin tare mai da matatar mai, duk sababbi. A nan ba na yarda da na hannu.

In kayan sun dawo daga sassaƙa, wanke gangar da ruwan zafi, sabulu da buroshi, har ramukan da mai ke bi. Fetur kaɗai ba ya fitar da garin ƙarfe. Goga farin ƙyalle cikin silinda. In ya fito da toka-toka, sake wankewa. Busar da ita, ka shafa mai nan take kafin tsatsa ta kama.

Wajen haɗawa, bayan kusine a bushe yake zama, fuskarsa ce ake shafa wa mai. Ɗaure da kile mai awo, wato sifana mai auna ƙarfin ɗauri, bisa ƙarfin da littafin injin ya faɗa, ba da ƙarfin damtse ba. Duk murfin da ka ɗaure, juya bilbirke da hannu. In ya cije, tsaya nan ka nemo dalili. Saka segman na sama shi kaɗai cikin silinda ka auna tsagarsa, ta kasance tsakanin milimita 0.25 da 0.45, sannan wajen ɗora su a fistan ka rarraba tsagogin, kada su jeru a layi ɗaya. Alamar da ke kan fistan ta kalli gaban injin. Matse segman da ƙarfen matse su, ka tura fistan da ƙotar guduma ta itace, a hankali. Kilas ana ɗaure shi daga tsakiya zuwa gefe, a matakai. Daidaita alamomin bel, ka juya injin zagaye biyu da hannu, ka ga alamomin sun dawo wurinsu.

Ranar tadawa, bar buji a cire, katse wuta da fetur, ka juya da makulli har fitilar mai ta mutu. Sannan mayar da buji ka tada, idonka a kan allurar zafi da ƙasan mota. In an taɓa cire tamostat mai daidaita zafin ruwan injin, mayar da shi, ka kuma sa sabuwar matatar iska, don ƙurar garin nan ta nan take shiga ta cinye segman. Kilomita 1,000 na farko kada ka yi lodi, kada ka take mota, ka riƙa sauya gudu. Zuwa Tibiri ko Madarunfa da yamma ya ishe ka. Daga nan sai ka juye man farko, ka duba shi a rana ko da ƙyalƙyalin ƙarfe a ciki, ka canza matata.