Babi na 9: An cire ƙari a kashin baya, ciwo kuma bai tafi ba

Jama'a wannan darasin na mai jinya ne da shi wanda aka yi ma aikin. An saida tumaki, wani har gona ya jinginar, an kai mutum Yamai ko Kano an cire ƙarin da ke danne mashi laka, an dawo Maradi ana barka, to sai wata biyu wata uku su wuce yana nan yana cewa ƙafata zafi kamar an zuba barkono, ko tururuwa na yawo a tafin ƙafa, wani ma zanen rufa in ya taɓa shi sai ya yi ƙara. Nan ne ƴan gida ke fara cewa aikin bai yi ba, wasu su ce sammu ne, wasu kuma su ce raki ne kawai. Wannan na ƙarshen shi ya fi ɓata mani rai, don ciwon na gaske ne.

Laka ita ce ke bi ta cikin kashin baya, daga gare ta jijiyoyi ke fita zuwa hannu da ƙafa da mafitsara. Ƙari ya daɗe yana danne su, an ɗauke shi amma su ba su farfaɗowa nan take. Ɗinki kan warke cikin ƴan makonni, jijiya kuwa sai watanni, wata har shekara ko fiye, kuma gaskiya akwai wanda ciwon ragewa zai yi ba zai tafi duka ba.

Shi ya sa farasitamol bai cika jin irin wannan ciwon ba. Lokotoro na rubuta wasu magunguna daban irin su amitriptyline ko gabapentin ko pregabalin, ana farawa da kaɗan ana ƙarawa, kuma sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfani, kar Baba ya sha kwana uku ya ce ba ya aiki ya watsar. Suna sa barci da jiri da farko, kuma ba a yanke su rana ɗaya sai da shawarar wanda ya rubuta ordinas ɗin. Farasitamol kuwa, babban mutum ba ya shan fiye da giram 4 a yini. Diklofenak da ibuprofen in an daɗe ana sha suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Tramol na masu talla a faranti kuwa don Allah a bar shi, mun ga yadda ya yi da samarinmu, jiki na sabawa da shi har mutum ya kasa bari, yana kuma iya sa farfaɗiya.

Amma fa akwai ciwon da ba a zaman haƙuri da shi. In zazzaɓi ya zo wurin ɗinki ya kumbura ko yana fidda mugunya, ko wani ruwa fari tas yana tsiyaya daga ɗinkin tare da ciwon kai mai tsananta in an tashi zaune, ko ƙafar da jiya take motsi yau ta mutu, ko fitsari ya tsaya ko yana zubowa mutum bai sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya daina ji, ko ƙwauri ɗaya ya kumbura yana zafi numfashi na yin wuya, wannan ko tsakar dare ne a nemi adaidaita a tafi babban asibiti, ba a jiran ranar randebu.

Yanzu zaman gida. Makonni shida na farko ba duƙawa, ba murɗa baya, ba ɗaukar bokiti ko goyo, daka kuwa ba a ma zancenta sai lokotoro ya yarda. In za a tashi daga kwance a fara juyawa gefe kafaɗa da ƙugu tare, a sauke ƙafafu, sannan a tura da hannu. Katifa a ƙasa tashi da wuya, gado mai ɗan tsayi ya fi. Salgar tsugunno ma haka, a sa kafinta ya huda kujera a aza bisa ramin. Sallah a zaune ta halatta ga wanda bai iya tsayuwa. Ƴar tafiya kullum cikin tsakar gida da safe kafin rana ta yi zafi, da motsa jikin da masu kine (ma'aikatan asibiti masu koya motsa gaɓɓai) suka koya, sun fi kwanciya yini guda nesa ba kusa ba.

Ke da ke jinyar Inna ko maigida wanda bai iya juyawa da kanshi, duk awa biyu ki juya shi, ki duba dunduniya da ƙugu da ƙasan baya wajen ɗuwawu. A baƙar fata wurin ba ja yake yi ba, duhu yake ƙarawa ya yi tauri ya yi ɗumi, to gyambo ne ke shirin buɗewa, kar ya sake kwanciya kanshi. Ƙafar da ba ta ji kuma ba a yi mata gashi da ruwan zafi, ba a taka yashin rana ba takalmi, za ta ƙone bai sani ba. Ƙaho da tsaga da sakiya a bayan da aka yi ma aiki babu su sam. Ciki in ya ɗaure a yawaita ruwa da zogale da miyar kuka ko kuɓewa. Mutum kuma in ya daina magana ya daina cin abinci yana cewa na zama kaya, ku zauna da shi, ku kuma faɗa ma lokotoro, damuwa na ƙara ciwo.

Ko an ji sauƙi a koma hoton IRM (hoton na'ura mai nuna laka da cikin baya) in lokacinshi ya yi, don wani ƙarin yana sake tsirowa.

Aikin aji: kowa ya ja layi huɗu a kayenshi, ya rubuta rana, wurin ciwo, ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10, da maganin da aka sha. Ku gwada cika na yau da na jiya. Irin wannan takardar ce za ku riƙe ranar randebu ku miƙa ma lokotoro tare da ordinas da hotunan baya.