Yadda ake kafa bincike a kan finafinan Igbo

Ɗalibin da ke son yin digiri na biyu ko na uku a kan finafinan Igbo ya fara da harshen kafin ya taɓa littattafan ra'i. Fassarar Turanci da ke gudu a ƙasan allo ba abin dogaro ba ce. Takan taƙaita magana, ta tsallake karin magana, kuma ba ta nuna inda ɗan wasa ya bar Igbo ya koma Turanci ko Burokin. Wanda ya yi nazari a kanta, aikin mai fassara ya nazarta.

Ka ware aƙalla shekara guda ga harshen. Igbo na da wasula 8, da karin sauti na sama da na ƙasa da kuma saukar sauti. Ka koyi ƙa'idar rubutu ta Onwu ta 1961, ka saba da sa ɗigo a ƙarƙashin ị, ọ da ụ, domin barinsa yana canza ma'ana. A aji daidaitacciyar Igbo za a koya maka, amma 'yan wasa da karin garuruwansu suke magana, na Anacha daban, na Owerri daban. Saboda haka kana buƙatar mataimaki ɗan yankin da zai saurari fim tare da kai. Jami'ar Najeriya da ke Nsukka da cibiyar koyar da harsunan Najeriya da ke Aba duk wuraren farawa ne, haka ma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1962.

Sai tsuke batu. Fim ɗin Living in Bondage, wanda Kenneth Nnebue ya ɗauki nauyinsa a 1992, da Igbo aka yi shi, amma zuwa 1994 shi kansa Nnebue ya koma Turanci don ya faɗaɗa kasuwa. Wannan sauyin kaɗai ya isa kundi. Fim 10 zuwa 15 na zamani guda sun fi 50 da aka kalla sama-sama.

Tattara finafinan shi ne inda aka fi shan wahala. Kwafin da ke YouTube sau da yawa an sake masa suna, an yanke shi ko an haɗe kashi na 1 da na 2, kuma ranar ɗora shi ba ita ce shekarar fitowarsa ba. Ka nemi kaset ko faifan asali wajen tsofaffin dillalai a titin Iweka na Anacha, titin Pound na Aba da Idumota a Legas. Kada ka yar da kwalin, ka ɗauki hotonsa gaba da baya, don a nan sunan dillali da adireshinsa suke. Don tabbatar da shekara, ka duba rajistar hukumar tace finafinai ta ƙasa, sai dai an kafa ta ne a 1993, don haka ba lallai ka sami finafinan da suka riga ta fitowa a ciki ba. Kaset ɗin da ka ga farin fumfuna a jikin zarensa kada ya shiga na'ura sai an tsaftace shi, in ba haka ba zai ɓata kan na'urar ya shafa wa na bayansa. Bayan an juye shi zuwa kwamfuta, ka adana kwafi uku, ɗaya a wani wuri dabam.

Wajen rubuta maganganu, manhajar ELAN kyauta ce kuma tana ɗaure rubutu da daƙiƙar da aka furta shi. Ka buɗe layi ga kowane mai magana, layi ga fassararka, layi ga fassarar allo yadda take har da kurakuranta, da layin da ke nuna sauyin harshe. Minti ɗaya na fim yakan ci rabin awa ko fiye, don haka zaɓaɓɓun fitowa za ka rubuta, ka kuma bayyana a kundin dalilin zaɓensu.

Hira da furodusoshi da dillalai tana buƙatar izini a rubuce ko a naɗe. Kowa yakan fifita rawar da ya taka, shi ya sa ake gwada maganar mutum da ta wasu biyu kafin a kafa hujja da ita.

Tun kafin ka kare kundin, ka fitar da babi ɗaya ka mayar da shi maƙala ga mujalla irin su Journal of African Cinemas ko Journal of African Cultural Studies. Tantancewa takan ɗauki watanni, kuma maƙalar da aka buga ita kwamitin ɗaukar malamai ke fara dubawa. Idan kana koyarwa a jami'ar gwamnati, ka nemi tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun jami'arka, ka sa kuɗin mataimakin harshe da na juye kaset a cikin kasafin tun farko.