Yadda Ake Gane Shekarar Ambaliya a Bakin Kogin Nilu

Mutumin da yake zaune a Mai Wurno, ko Singa, ko Wad Madani, garuruwan Sudan da suke bakin Shuɗin Nilu, yana iya wayar gari ya tarar ruwa ya ci gonarsa ta bakin kogi alhali an yi mako guda ko yayyafi ba a yi ba a garinsu. Dalili shi ne ruwan da yake cika Shuɗin Nilu, ɗaya daga cikin manyan rassa biyu na Kogin Nilu, a tsaunukan Habasha yake sauka, kuma abin da yake ƙara shi ko ya rage shi yana faruwa ne a tekuna masu nisan gaske. Saboda haka wanda yake son sanin halin da daminar bana za ta zo da shi, sai ya fara da nesa, sannan ya matso kusa da gida.

Abu na farko shi ne a bambanta ambaliyar kogi da ruwan kwari. Ambaliyar kogi a hankali take hawa, tana ba da alama kwanaki kafin ta iso. Ruwan kwari kuwa, wanda Larabawan Sudan suke kira sail, yana zuwa ne cikin sa'o'i kaɗan bayan mamakon ruwan sama, ya bi ƙoramun da suka shekara a bushe, ya kwashe duk abin da aka gina a hanyarsa. A daren 4 zuwa 5 ga Agustan 1988 ruwan sama fiye da milimita 200 ya sauka a Hartum, wato ya zarce abin da birnin ya saba samu a shekara guda, gidajen ƙasa suka zube tun kafin kogin ya gama cika. Mutanen Kassala sun san wani nau'in da yake tsakanin biyun, domin kogin Gash da yake gangarowa daga Eritiriya yana shafe watanni a bushe, sannan ya taso da ƙarfi kamar yadda ya yi wa garin ɓarna a 2003. Wanda gidansa yake bakin ƙorama, hadarin da yake gani a sama shi ne gargaɗinsa, amma na bakin Nilu dole ya saurari labarin wata ƙasa.

Tun daga watan Mayu, kafin ruwan shuka, ya kamata a nemi sanin halin da Tekun Fasifik yake ciki. Akwai shekarun da ruwan tsakiya da gabashin wannan teku yake ɗumama fiye da kima, ana kiran wannan yanayi El Nino, kuma akwai shekarun da yake yin sanyi, ana kiransu La Nina. Masana sun daɗe da lura cewa El Nino yakan raunana daminar tsaunukan Habasha, kamar yadda aka gani a 1987 da 2015, ita kuwa La Nina takan ƙarfafa iskar da take ɗauko danshi zuwa waɗannan tsaunuka, ruwa ya yi ta zuba daga Yuni har Satumba. Manyan ambaliyar 1988 da 1998 da 2020 duk sun zo ne a shekarun La Nina. Wannan ba doka ba ce da ba ta saɓawa, alama ce kawai mai ƙara nauyin zato, amma manomin da ya ji an ce shekarar La Nina ce bai kamata ya zuba dukan irinsa a ƙasan fadama ba. Cibiyar hasashen yanayi ta IGAD, ƙungiyar ƙasashen gabashin Afirka, wadda take Kenya, tana fitar da hasashen daminar Yuni zuwa Satumba a cikin watan Mayu, kuma ana samunsa a intanet da kafafen labarai. A wurin karanta shi, a dubi abin da aka faɗa game da yammacin Habasha da kewayen Tafkin Tana, domin nan ne mafarin ruwan.

Sai a juya ga ɗaya reshen, wato Farin Nilu, wanda tafiyarsa daban ce. Shi daga yankin Tafkin Biktoriya yake fitowa, ya ratsa babbar fadamar Sudd a Sudan ta Kudu, inda kusan rabin ruwansa yake ƙafewa, don haka ba ya hawa da sauka da sauri kamar ɗan'uwansa. Abin da yake motsa shi shi ne Tekun Indiya: idan yammacinsa, wajen gaɓar Afirka, ya fi gabashinsa ɗumi, sai ruwan Oktoba zuwa Disamba ya yi yawa a Kenya da Uganda da Tanzaniya. Haka aka yi a ƙarshen 2019, tafkin ya cika a 2020 fiye da yadda aka gani tun shekarun 1960, kuma Sudan ta Kudu ta yi shekaru a jere cikin ruwa. Amfanin sanin wannan ga mazauna kudancin Hartum da garuruwan Farin Nilu a bayyane yake. A lokacin da Shuɗin Nilu ya cika, ƙarfinsa yakan tare Farin Nilu a mahaɗarsu ta Mugran da take Hartum, ruwan ya ja da baya ya taru, don haka idan dama Farin Nilu a cike yake tun bara, unguwannin da suke gefensa su ne za su fara shan wahala.

Mai karatu zai iya jin ana danganta ambaliya da narkewar ƙanƙara. Gaskiya ne a wasu ƙasashe: kogunan Dajla da Furat na Iraƙi suna cika a watannin Afrilu da Mayu idan ƙanƙarar tsaunukan Turkiyya ta narke, kuma abin ya fi muni idan ruwan sama mai ɗumi ya sauka a kanta. A Nilu wannan lissafi ba shi da tasiri, domin ƙanƙarar da take kan duwatsun Ruwenzori na iyakar Uganda da Kongo ba ta taka kara ta karya ba.

Idan aka shiga Yuli da Agusta, hasashe ya ƙare, saura awo. Ma'aikatar ban ruwa ta Sudan tana auna tsayin kogi a tashoshi kamar Ad-Daim kusa da iyakar Habasha, da Rusairis, da Sinnar, da Wad Madani, da Hartum, da Shandi, da Atbara. Ruwan da ya wuce iyaka yau sai bayan kwanaki yake isa Hartum, kuma waɗannan kwanaki su ne rabon mai shiri. Kada a tsaya ga adadin rana ɗaya. A riƙa rubuta na tashar da take sama da garinku kullum, a ga ko hawan yana ƙara sauri, sannan a kafa sanda mai alamomi a mashaya domin a gwada da ido. Don a san girman abin, a farkon Satumban 2020 awon Hartum ya haura mita 17 da rabi, ya wuce na 1946 da na 1988, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci ta wata uku. A kuma sa ido kan kogunan Dindar da Rahad, domin suna shiga Shuɗin Nilu ne a ƙasa da Sinnar, ruwansu ba ya bi ta kowace babbar madatsa ta kan kogin kafin ya isa Hartum. Marka ma abar lura ce, saboda ƙasar da ta sha ruwa ta ƙoshi ba ta ƙara shan ko ɗigo, duk abin da ya sauka kogi yake nufa.

Akwai sabon abu da dattawan da suka haddace halin kogi ba su taso da shi ba. Babbar madatsar da Habasha ta gina kusa da iyaka, wadda aka fara cika ta a 2020, tana ɗaukar ruwa kimanin kubik mita biliyan 74, kuma ta sauya lokutan hawa da sauka. Tana iya rage kaifin ambaliyar Agusta, amma idan ta cika ta batse aka buɗe ƙofofinta, ruwa yana iya zuwa a ƙarshen Satumba ko Oktoba, lokacin da mutane suka saki jiki suka fara shuka a bakin kogi. A ganina wannan ya isa dalilin jinkirta shukar albasa da tumatir a gaɓa har sai an ga ruwa ya yi kwanaki a jere yana ja.

Aikin hannu kuwa a yi shi tun Yuni, kafin hanya ta yi taɓo. A kira gayya a ɗaga jinga da buhunan yashi, a yashe magudanan unguwa, a ɗaure gindin katangar ƙasa domin daga ƙasa ruwa yake cin ta. Hatsi da iri da takardun gida a ɗora su a wuri mai tudu, a kuma yanke shawara tun da wuri inda za a kai tsofaffi da yara da dabbobi. Bayan ruwa ya janye, a tafasa ruwan sha ko a sa masa magani, kada a sha na rijiyar da ambaliya ta shiga sai an yashe ta, a kuma rataya gidan sauro tun daren farko, domin zazzaɓi da amai da gudawa sukan biyo baya cikin makonni kaɗan.